Jinin gado da jinin allura: me ya sa aka karrama ɗaya, aka kori ɗaya?

Tambaya: Likita, ni malamin motsa jiki ne, ina horar da matasa 'yan tsere. Wani an haife shi da dogayen ƙafafu da faɗin huhu da jini mai ƙarfi, bai biya ko sisi ba, in ya ci gasa a ce gwarzo ne. Wani bai samu wannan rabon ba, ya nemi magani don ya kamo na farkon, sai a ce macuci ne, a kore shi. Ina adalci a nan? Sannan ita Caster Semenya, 'yar tseren Afirka ta Kudu da aka haifa da yawan sinadarin namiji a jikinta, me ya sa aka ce sai ta sha magani ta rage abin da Allah Ya ba ta?

Amsa: Malam, tambayarka ba ta mai neman gardama ba ce. Likitocin wasanni da malaman falsafa sun daɗe suna kai-komo a kanta, kuma amsar da aka saba bayarwa, wai wancan halitta ce wannan kuwa haɗin ɗan Adam ne, ba ta da ƙwarin da ake zato. Ni ina goyon bayan haramta ƙwayoyin ƙara kuzari ba tare da wata tantama ba, amma dalilina daban ne. Kafin in kai gare shi, sai mun duba mutum biyu da jininsu ya yi kama da juna, sakamakonsu ya sha bamban.

Eero Mäntyranta mutumin arewacin ƙasar Finlan ne, ya yi suna a tseren zamiya mai dogon zango a kan dusar ƙanƙara. Tsakanin 1960 da 1968 ya ci lambobi bakwai a gasar Olamfik ta hunturu, uku daga ciki na zinare. Abin da ya bambanta shi yana cikin jininsa. Duk wanda ya taɓa raka mai juna biyu awo ya san gwajin da ake kira PCV: a ɗan soki yatsa, a cika wani siririn bututun gilashi da jini, a sa shi cikin na'ura ta yi ta juyi da shi na 'yan mintoci. In aka ciro sai ka ga jinin ya rabu biyu, ja ya kwanta a ƙasa, ruwa mai kalar ɗorawa ya taso sama. Jan nan shi ne jajayen ƙwayoyin jini, su ke dakon iskar oksijin daga huhu zuwa tsoka. Na lafiyayyen namiji yakan cika kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na bututun. Na Mäntyranta ya haura 60, har an taɓa auna shi a 68. A tseren da ake shafe sa'a guda ko biyu ana yi, wannan ba ƙaramin rata ba ne.

Sai a 1993 masu bincike suka gano dalili. Ƙoda tana fitar da wani sinadari da ake kira EPO, shi ke zuwa ɓargo ya ba da umarnin a ƙera jajayen ƙwayoyin jini. A jikin Mäntyranta, wurin da ke karɓar wannan umarni ya samu sauyi tun daga gado, in an kira shi sau ɗaya ba ya saurin daina amsawa. Kusan mutum talatin a danginsa aka samu da irin wannan jini.

Na biyun ka san shi. Lance Armstrong ɗan Amurka ya lashe tseren keke na Tour de France sau bakwai a jere, daga 1999 zuwa 2005. Shi EPO ɗinsa a kwalba yake zuwa, irin wanda aka ƙera don masu ciwon ƙoda da jininsu ke ƙarewa, aka ba shi lasisi a Amurka a 1989. A 2012 aka ƙwace duka nasarorin nan bakwai, a farkon 2013 ya amsa laifinsa da bakinsa a talabijin. Da za a miƙo mini bututu biyu babu suna, ɗaya na mai gado ɗaya na mai allura, wannan gwajin kaɗai ba zai faɗa mini wane ne wane ba. Tsoka ma ba ta tambayar daga ina iskar ta zo. Har nan, gaskiya tana wajenka.

Kuma tana ci gaba da zama wajenka in muka bi maganar halitta da haɗin ɗan Adam zuwa ƙarshenta. Wanda ya tashi a Iten ta Kenya, mita 2,400 sama da teku, ko a Bekoji ta Habasha da ta fi ta tsayi, iskar da yake shaƙa ba ta da yawan oksijin, sai ƙodarsa ta ƙara fitar da EPO da kanta. Ɗan tseren Turai da ba shi da tsauni sai ya sayi wani tanti mai inji da ke rage oksijin, ya kafa a kan gadonsa, ya riƙa kwana a ciki. Wannan inji ne tsagwaronsa, amma hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta duba shi a 2006 ta bar shi halal. Ga kuma wanda za a ɗebi jininsa na kansa, a ajiye a firiji, a mayar masa ana gobe gasa. Babu baƙon abu ko ɗigo a cikinsa, jininsa ne, amma haramun ne, kuma daidai ne da aka haramta. Sinadarin da ke cikin goro da kofi, wanda kowa ya san yana wartsakar da jiki, ya taɓa shiga jerin abubuwan da aka taƙaita, a 2004 aka cire shi. Lionel Messi yana yaro an yi masa allurar sinadarin girma na tsawon shekaru saboda jikinsa ba ya samar da isasshe, kuma babu mai hankalin da zai kira wannan maguɗi, jinya ce. Wannan sinadarin dai shi aka samu a jinin 'yar tseren Najeriya Blessing Okagbare aka fitar da ita daga gasar Tokyo a 2021.

Ita kanta WADA ba ta ce tana haramta abu don ba na halitta ba ne. Ma'auninta uku ne: abin yana ƙara ƙwazo, yana da haɗari ga lafiya, ya saɓa wa manufar wasa. In biyu daga cikin ukun suka haɗu, abu zai iya shiga jerin haramtattu.

To in ba halitta ba ce ta raba Mäntyranta da Armstrong, mene ne?

Bari in fara da zaton da ke ƙarƙashin tambayarka, wato magani tsani ne da mai ƙaramin rabo zai taka ya kamo mai babban rabo. Akwai manyan masana da suka tafi a kan haka. Farfesa Julian Savulescu na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa sun ba da shawara a 2004 cewa a daina farautar EPO, a sa iyaka kawai a kashi 50, kowa ya kai can ta hanyar da ya ga dama. Abin da ya hana ni karɓa shi ne an riga an gwada makamancin haka, an ga yadda ta kaya. A 1997, lokacin babu gwajin da ke gano EPO, hukumar tseren keke ta duniya ta ce duk wanda jininsa ya haura 50 a dakatar da shi na mako biyu. Nan take iyakar ta koma abin da kowa ke hanƙoron kaiwa. Mahayin da aka haifa da 41 yana da sararin ƙara tara, wanda aka haifa da 48 biyu kawai zai iya ƙarawa. Sai mai 41 ya wayi gari ya yi wa mai 48 fintinkau, alhali a da ba ya ko ganin ƙurarsa. Ka ga ba a daidaita kowa ba, an sake raba rabo ne kawai, wannan karon bisa wane jiki ne ya fi amsar magani, da kuma wa ke da kuɗin ɗaukar likitan da ya fi iya haɗi. Ƙungiyoyi suka riƙa yawo da na'urar awon jini tasu, in sun ji masu gwaji na tafe a yi wa mahayi ƙarin ruwa don a tsinka jinin. Tsofaffin mahaya sun ba da labarin yadda wasu ke sa agogo ya tashe su da tsakar dare, su hau keken ɗaki su yi ta murzawa, don tsoron kada jinin da ya yi kauri ya tsaya a jijiya suna barci. A 1999 aka fitar da Marco Pantani daga tseren Italiya yana kan gaba, saura kwana biyu a gama, jininsa ya kai 52.

Akwai kuma abin da ake mantawa: masu baiwar ma suna sha. Ben Johnson da aka kama a gasar Olamfik ta 1988 bayan ya yi mita 100 a daƙiƙa 9.79 ba gurgu ba ne da magani ya miƙar da shi. Armstrong tun yana matashi zakara ne. Shi kansa Mäntyranta, duk da jinin nan nasa, an same shi da ƙwayar ƙara kuzari ta amfetamin a gasar ƙasarsu a 1972. In aka buɗe ƙofa, mai rabo da marar rabo tare za su shiga, ratan da ke tsakaninsu yana nan, abin da ya ƙaru shi ne haɗarin da ke jikin kowannensu.

Kada kuma a raina ƙarfin abin. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1996 ya raba lafiyayyun maza gida huɗu na mako goma. Waɗanda suka yi ta ɗaga ƙarfe ba magani sun ƙara tsoka kimanin kilo 2. Waɗanda aka yi wa allurar testosteron, wato sinadarin namiji, suna zaune ba atisaye, sun ƙara kimanin kilo 3. Waɗanda suka haɗa biyun sun ƙara kimanin kilo 6. Kai da ke tashin yara da asuba, dubi lambobin nan da kyau: wanda ya zauna aka yi masa allura ya fi wanda ya yi gumi.

Daga nan ne babban dalilina ya taso. Baiwar wani ba ta tilasta maka komai. In kana tsere da Usain Bolt mai tsayin mita 1.95, ba abin da za ka yi ka ƙara tsawon ƙafarka, kuma ba wanda zai nemi ka yi. Za ka yi atisayenka, ka yi iya ƙoƙarinka, ka zo na biyu ko na biyar da lafiyarka. Allura ba haka take ba. Ranar da wanda ke kusa da kai ya fara, zaɓi biyu ya rage maka: ka bi shi, ko ka tattara ka bar sana'ar. Kamar gidan kallon ƙwallo ne, in na layin gaba suka miƙe tsaye dole na baya su miƙe, a ƙarshe kowa na tsaye, ba wanda ya fi gani, sai gajiya da aka ƙara. Bambancin shi ne a nan da hanta da zuciya ake biya.

Christophe Bassons, ɗan tseren keke na Faransa, ya ga wannan da idonsa. Yana cikin ƙungiyar Festina da asirinta ya tonu a 1998, lokacin da aka kama motar ƙungiyar maƙare da magunguna, badaƙalar da ta kai ga kafa WADA a 1999. Abokan wasansa da kansu suka shaida cewa shi ba ya sha. A tseren Tour de France na 1999 ya riƙa faɗin gaskiya a jarida, sai sauran mahaya suka juya masa baya, aka daina yi masa magana, har ya janye ana tsaka da gasar. Bai wuce shekara 27 ba ya bar tseren keke. Duk mai cewa a bar kowa ya zaɓa wa kansa, sai ya gaya mana wane zaɓi aka bar wa Bassons.

Mafi munin misali shi ne na Jamus ta Gabas. Daga 1974 gwamnati da kanta ta tsara shirin ɗura wa 'yan wasa magani, dubbansu. 'Yan mata masu ninƙaya da masu guje-guje, wasu ba su kai shekara goma sha biyar ba, koci zai miƙa musu 'yan shuɗɗan ƙwayoyi ya ce bitamin ne. Oral-Turinabol ne, dangin sinadarin namiji. Muryoyinsu suka buɗe, gashi ya fito musu a fuska, daga baya aka ga ciwon hanta, da ciwon zuciya, da ɓari, da rashin haihuwa. A shekarar 2000 kotu a Berlin ta samu shugaban wasannin ƙasar, Manfred Ewald, da babban likitan shirin, Manfred Höppner, da laifi, kuma ko kwana ɗaya ba su yi a kurkuku ba, ɗaurin talala aka yi musu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: sau da yawa ɗan wasan da aka kama shi ne mafi ƙarancin laifi a cikin jerin koci, da likita, da dillali, da hukumar da ke son lambar zinare ko ta halin ƙaƙa. Shi ya sa da na ji a 2025 an sanar da wata gasa da za a yi a Las Vegas inda aka halatta shan magani ƙarƙashin kulawar likitoci, hankalina bai tafi kan manyan 'yan wasan da za a biya miliyoyi ba. Ya tafi ne kan yaro ɗan shekara goma sha shida da zai kalle su a waya, ya je kasuwa ya sayi nasa, ba likita, ba awon jini, ba wanda ya san abin da ke cikin kwalbar.

Sai batun cin amana, wanda mu 'yan Najeriya mun ɗanɗana. A gasar Olamfik ta Sidni a 2000, a tseren miƙa sanda na mita 400 sau huɗu, Clement Chukwu da Jude Monye da Sunday Bada da Enefiok Udo-Obong suka zo na biyu bayan Amurka, bayan Udo-Obong ya sha gaban ɗan Jamaika dab da layin ƙarshe. A 2008 Antonio Pettigrew na tawagar Amurka ya amsa a gaban kotu cewa yana amfani da EPO da sinadarin girma a wancan lokacin. Sai a watan Yulin 2012 aka tabbatar wa Najeriya da zinarenta. Sunday Bada ya rasu a watan Disambar 2011. Bai ji an buga taken ƙasarsa a filin Sidni ba, bai riƙe lambar da hannunsa ba. Kowane ɗan tsere da ya tsuguna a layin farawa ya ɗauki alkawari ga na kusa da shi cewa ƙa'ida ɗaya suke bi. Mäntyranta bai ɓoye jininsa ba lokacin da yake cin lambobinsa, shi kansa bai san dalilinsa ba. Mai allura kuwa sai ya ɓoye, ya yi ƙarya, ya sa wasu su yi masa ƙarya, kafin abin ya yi masa amfani.

Za ka ce duk da haka mai baiwa bai cancanci baiwarsa ba. Haka ne, ba wanda ya cancanci tsayinsa, kamar yadda ba wanda ya cancanci muryarsa ko kaifin ƙwaƙwalwarsa. Amma wasa bai taɓa yin alkawarin raba baiwa daidai ba. Abin da muke taruwa mu kalla shi ne me mutum ya yi da abin da aka ba shi. Dangin Mäntyranta kusan talatin masu irin jininsa ba duka suka zama zakaru ba. Masu dogon hannu irin na ɗan ninƙayar Amurka Michael Phelps suna da yawa a duniya, shi kaɗai ya tara zinare 23 a Olamfik, bayan shekarun da ya yi yana shiga ruwa kullum har ranar hutu. In muka bar magani ya shigo, tambayar da gasa ke amsawa ta tashi daga wa ya fi iya gudu ta koma wa ya fi samun mai haɗa magani, kuma wannan gasar ƙasashe masu kuɗi za su riƙa cinye ta.

Wannan ma'aunin ne ya sa ake taka wa kayan wasa birki ko da ba su cutar da kowa. A gasar ninƙaya ta duniya a Rum a 2009 an kafa sabon tarihi sau 43 cikin 'yan kwanaki saboda wata riga mai santsi da ke ɗaga jiki a ruwa, daga 2010 aka hana ta. Bayan Eliud Kipchoge ya yi gudun famfalaki a ƙasa da sa'a biyu a 2019 da takalmin Nike mai farantin kabon a ciki, hukumar guje-guje ta duniya ta ƙayyade a 2020 cewa tafin takalmi kada ya wuce milimita 40. Ni a ganina a nan ne rashin adalcin da ya fi cancantar ƙorafi yake, fiye da na gado. Yaronka da ke atisaye a filin ƙasa da takalmin gwanjo, kuɗi ne suka raba shi da takwaransa na Turai mai tantin oksijin da likitan abinci, kuma wannan rata ɗan Adam ne ya yi shi, yana iya rage shi.

Yanzu Semenya. Abu na farko da nake so ka riƙe, ka kuma gaya wa yaranka: ba ta yi maguɗi ba, ba ta sha komai ba. Hasali ma ita aka cuta da magani, domin zinarenta na Landan 2012 sai daga baya ya zo hannunta, bayan an ƙwace shi daga Mariya Savinova ta Rasha saboda shan ƙwayoyin ƙara kuzari. An haife ta a Afirka ta Kudu aka raɗa mata suna a matsayin mace, ta tashi a mace, doka ta san ta a mace. Tana da wani bambancin halitta da ba kasafai ake samu ba, inda mutum ke ɗauke da ƙwayoyin gado na XY irin na maza, jikinsa na samar da testosteron a matakin da aka saba gani a maza.

Mutane kan ce, in an bar Phelps da hannunsa, me ya sa ba za a bar ta da sinadarinta ba? Kwatancen yana da daɗin ji amma ya tsallake wani abu. Ba a raba gasar ninƙaya bisa tsawon hannu, amma an raba gasa tsakanin maza da mata, kamar yadda aka raba damben zamani bisa nauyi. Ɗan damben da Allah Ya yi shi mai nauyi bai yi laifi ba, amma ba zai shiga ajin marasa nauyi ba. An ware ajin mata ne saboda daga balaga testosteron na buɗe ratan kusan kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari a gudu tsakanin zakarun maza da na mata, in ba a ware ba mace ba za ta ga wasan ƙarshe ba. Kuma duk ajin da aka ware sai an yi masa iyaka. Wannan ita ce hujjar hukumar guje-guje, kuma ba hujjar banza ba ce. A Rio a 2016, duka ukun da suka hau dandamali a mita 800, Semenya da Francine Niyonsaba ta Burundi da Margaret Wambui ta Kenya, daga baya dokar rage testosteron ta shafe su. Matan da suka zo bayansu su ma suna da haƙƙin a saurare su.

Inda na rabu da hukumar shi ne maganin da ta kawo da yadda ta tafiyar da mutane. A 2018 ta ce masu irin wannan halitta sai sun sauke sinadarin ƙasa da ma'auni 5 a awon jini kafin su yi tseren mita 400 zuwa mil ɗaya, a 2023 ta mayar da shi 2.5 a dukkan wasanni. Wato lafiyayyen mutum ya sha maganin da ba ya buƙata don ya sauya jikinsa saboda gasa, abin da muka shafe shekaru muna hana 'yan wasa, sai dai wannan ƙasa ake yi da shi maimakon sama. Ƙungiyar likitoci ta duniya ta shawarci likitoci a 2019 da kada su sa hannu a ciki, kuma ina tare da ita. Semenya ta faɗi yadda ƙwayoyin da ta sha a baya suka riƙa sa ta rashin lafiya. Annet Negesa ta Uganda ta ce an yi mata tiyata a 2012 ba tare da an fahimtar da ita abin da za a cire ba, kuma ba ta sake komawa matsayinta ba. Kotun wasanni ta duniya da ta yanke hukunci a 2019 ta amsa da kanta cewa dokar nuna bambanci ce, sai dai ta ce wajibi ne, kuma alƙalai biyu ne suka rinjayi ɗaya. Babban binciken 2017 da hukumar ta dogara da shi, marubutansa sun fitar da gyara a 2021 suna cewa bai tabbatar da cewa sinadarin ne sanadin fifikon ba. A watan Yulin 2025 babban zauren kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ya ce kotun Suwizalan ba ta yi wa Semenya cikakkiyar shari'ar adalci ba, ko da yake bai soke dokar ba. Daga Satumbar 2025 hukumar ta koma gwajin ƙwayar gado sau ɗaya ga duk mai son shiga ajin mata. Tsugune dai ba ta ƙare ba.

Abin bai yi mana nisa ba. Aminatou Seyni ta Nijar ta yi mita 400 a daƙiƙa 49.19 a 2019, tana cikin mafi sauri a duniya a shekarar, dokar ta rufe mata wannan tseren. Ta koma mita 200, ta zo ta huɗu a gasar duniya ta 2022. Matsayina shi ne ajin mata yana buƙatar iyaka, amma wadda iyakar ta faɗo a kanta ba mai laifi ba ce. A yi gwaji da wuri, cikin sirri, tare da likitan da zai zauna ya yi mata bayani da harshen da take ji. Abin da aka yi wa Semenya a Berlin a 2009, tana 'yar shekara 18, duniya na muhawara a kan jikinta a ranar da ta ci zinare, cin mutunci ne da bai kamata a sake yi wa 'yar kowa ba.

Tunda yara ne a hannunka, ga abin da ya fi kusa da kai. Dokar gwaji ba ta tambayar niyya: abin da aka samu a fitsarin ɗan wasa, shi ke da alhakinsa, ko da mai kemis ne ya ba shi ya ce maganin gajiya ne. Tramol da ya zama ruwan dare a garuruwanmu ya shiga jerin haramtattu a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024, kuma tun kafin doka ta hana shi, magani ne da ke rufe wa ɗan wasa ciwon da ya kamata ya tsayar da shi, ga kamu, ga farfaɗiya in an yawaita. Garin ƙara tsoka da ake sayarwa a gwangwani, da haɗe-haɗen ƙarin ƙarfi da ba a rubuta abin da ke ciki ba, an sha samun haramtattun sinadarai a irinsu. Okagbare, wadda ta fi kowace 'yar tseren Najeriya suna a zamaninta, hukuncin shekara goma aka yanke mata a 2022, daga baya aka ƙara ɗaya. In yaronka yana da asma ko wata lalura da ke buƙatar maganin da ke cikin jerin, akwai takardar izinin jinya da likita ke cikewa a miƙa wa hukuma kafin gasa, kada a jira sai an kira shi gwaji. Ka buɗe wa kowane yaro littafi: duk allura ko ƙwayar da aka ba shi, a rubuta sunanta, da ranar, da wanda ya bayar, a kuma ajiye kwalin.